Raba memori tsakanin furoses a Windows, Linux, macOS da Android: wace hanya za ka bi?

A ce kana da manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, ta farko tana karɓar bidiyo daga kyamara, ta biyu tana bincika hotunan da ke cikinsa. Hoto guda mai faɗin 1920 da tsawon 1080, idan kowane ɗigo yana cin bayit 3, ya haura MB 6. Hotuna 30 a daƙiƙa ɗaya sun kai kusan MB 186. In ka tura su ta soket ko ta bututu, wato hanyoyin da manhajoji ke aika wa juna saƙo, sai an kwafe su daga manhaja ta farko zuwa kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura irin Windows ko Linux, a sake kwafe su daga kanel zuwa ta biyu. A irin wannan wuri ne mai rubuta manhaja yake fara tunanin raba memori, wato furoses biyu (furoses shi ne manhajar da ke gudana) su riƙa kallon yanki ɗaya na RAM, abin da wannan ya rubuta wancan ya gan shi nan take ba tare da kwafi ba.

Asalin dabarar iri ɗaya ce a ko'ina. Kowane furoses yana da nasa jerin adireshi da ba ya haɗuwa da na kowa, kanel kuwa shi ke riƙe da jadawalin da ke nuna wane adireshi ya dace da wane shafi na ainihin RAM. Raba memori bai wuce a sa jadawalai biyu su nuna shafuka ɗaya ba. Saboda haka, da zarar an gama haɗin, babu wani bambancin sauri a zo a gani tsakanin hanyoyin da zan kawo. Bambancin yana wani wuri, kuma shi nake so ka sa a gaba kafin ka zaɓa: yaushe yankin yake gushewa, kuma wa ke kawar da shi idan wani furoses ya mutu babu shiri. Lamarin kamar tsakar gida ne a gidan haya, kowa yana amfani da ita, amma rigima ba ta tasowa sai an zo maganar shara.

Hanya mafi tsufa ita ce ta System V, wadda ta fito daga Unix na kamfanin AT&T a farkon shekarun 1980. Ana ƙirƙirar yankin da shmget, a manne shi da shmat, a cire da shmdt, a share da shmctl. Ba ta amfani da suna, lamba take amfani da ita, kuma galibi ana samo lambar daga ftok, wanda yake haɗa ta daga lambobin da faifai ya ba wani fayil. Fayil biyu suna iya ba da lamba ɗaya, kuma in aka goge fayil ɗin aka sake ƙirƙirarsa lambar tana iya canzawa. Yankin yana nan daram har sai an share shi da gangan ko an sake kunna na'ura, shi ya sa masu kula da uwar garke suka saba da ipcs da ipcrm, na farko don duba ragowar da aka bari, na biyu don kwashe ta. Ga kuma iyakar girma. Tsofaffin kanel na Linux sun ƙayyade MB 32 ga yanki guda, har sai da aka ɗaga iyakar a sigar 3.16 a 2014, macOS kuwa tana zuwa da MB 4 kacal. Shekara da shekaru duk wanda ya girka PostgreSQL sai ya gyara SHMMAX, saitin wannan iyakar, da hannu, har masu manhajar suka koma amfani da mmap a sigar 9.3 a 2013. Amma sun bar wani ɗan ƙaramin yanki na System V saboda alheri guda da hanyar take da shi: kanel yana ƙirga furoses nawa ke manne da yankin, don haka sabuwar uwar garke tana iya gane ko akwai 'ya'yan tsohuwar da ba su mutu ba. In ba wannan ƙirgen kake buƙata ba, ko kana aiki da tsohon tsari irin MIT-SHM na X11, ban ga dalilin soma sabon aiki da System V ba. Windows ba ta da ita, Android ma ba ta yarda da ita ba.

Ta biyu ita ce ta POSIX, da aka tsara a 1993: shm_open ya ba ka mariƙin fayil, wato lambar da furoses ke riƙe yankin da ita, ftruncate ya sa girma, mmap ya shigo da yankin cikin adireshinka, shm_unlink ya goge sunan. Ta fi tsabta nesa ba kusa ba, domin suna ne na haruffa, izini kuma irin na fayil ne. Sai dai sunan POSIX yana sa mutum ya zaci halinta ɗaya ne a ko'ina, alhali ba haka ba ne.

A Linux, yankin fayil ne a cikin /dev/shm, za ka gan shi da ls, za ka goge shi da rm, kuma a bisa al'ada wurin yana iya cin rabin RAM. Tarkon da ke nan shi ne ftruncate ba ya ware shafuka, alkawari kawai yake yi. Za ka nemi GB 2 a ce maka to, sai can kana tsakiyar rubutu wurin ya cika, kanel ya jefo SIGBUS, alamar kuskuren memori, furoses ya faɗi. Masu amfani da Docker sun sha fama da wannan, domin kwantena tana zuwa da MB 64 ne kawai a /dev/shm in ba a ƙara da --shm-size ba. Shi ne dalilin da masu horar da manhaja da PyTorch suke gamuwa da faɗuwa a lokacin loda bayanai, shi ne kuma dalilin da Chrome yake da zaɓin --disable-dev-shm-usage. Maganinsa a kira posix_fallocate tun farko, in babu wuri a sani kafin a soma aiki. Wani tarkon kuma na systemd ne: saitin RemoveIPC yana share yankunan mai amfani na yau da kullum da zarar ya fita daga na'ura, ko da akwai manhajarsa da ke ci gaba da gudana.

A macOS kuwa babu /dev/shm, ba ka da babban fayil da za ka leƙa ka ga abin da aka bari. Sunan ba zai wuce haruffa 31 ba, kuma manhajar da ke cikin killacen tsaro na Apple (sandbox) dole sunan ya fara da sunan rukuninta, abin da ke ƙara cinye haruffan. Sau ɗaya tak ake kiran ftruncate a kan yanki, na biyu zai ƙi. Girman da za a dawo maka da shi an cike shi zuwa girman shafi, shafi kuma KB 16 ne a kwamfutocin Apple masu ARM, ba KB 4 da aka saba gani a x86 ba. Kod ɗin da ke kwatanta girman da ya nema da wanda ya samu zai yi aiki a Linux ya ƙi a nan.

Windows ta bi wata hanya dabam, kuma ni a ganina tsarinta ya fi dacewa da yawancin ayyuka. Ana kiran CreateFileMapping, a ba shi INVALID_HANDLE_VALUE a madadin fayil, tare da girma da suna. Ɗayan furoses ya buɗe da OpenFileMapping, kowa ya shigo da yankin da MapViewOfFile. Ƙirƙira da sa girma a kira ɗaya suke, don haka babu wannan ɗan tsakanin da ke POSIX inda wani zai iya buɗe yankin bayan shm_open kafin ftruncate ya tarar da girmansa sifili. Ana kuma cire girman daga kason memorin na'ura tun lokacin ƙirƙira, in babu wuri kiran ya ƙi a nan take. Abu mafi muhimmanci, kanel yana ƙirga masu riƙe da yankin. Ranar da na ƙarshe ya saki, ko da mutuwa ya yi, yankin ya tafi, babu ragowa.

Wannan alherin shi ne kuma matsalar wanda ya taso daga Linux. Kod ɗin da ke cewa furoses na farko ya rubuta ya fita, na biyu ya zo daga baya ya karanta, yana aiki lafiya lau a POSIX, a Windows kuwa na biyun ba zai tarar da komai ba. Akasin haka ma yana faruwa: kod ɗin da aka rubuta a Windows ba ya share komai domin bai taɓa buƙata ba, in aka kai shi Linux duk faɗuwa ɗaya ta bar yanki ɗaya yana cin RAM, kuma in manhajar ta sake tashi ta tarar da tsoffin bayanai ta ɗauka sababbi ne. Akwai wasu ƙa'idoji na Windows da ya kamata a sani. Ba a ƙara girman yanki bayan an ƙirƙira shi. In za ka shigo da wani sashe kawai, mafarinsa sai ya zama ninkin KB 64. Tun daga Vista, manhajojin hidima, masu gudana a bayan fage, suna zaune a zama (session) na 0, masu amfani a wasu zaman dabam, kowane zama da nasa jerin sunaye, don haka in hidima da manhajar mai amfani za su haɗu sai sunan ya fara da Global\, kuma ƙirƙirar irin wannan suna daga zaman mai amfani yana buƙatar izinin SeCreateGlobalPrivilege wanda ba kowa ke da shi ba. Mafita ita ce hidimar ta ƙirƙira ta sa izinin da ya dace, manhajar mai amfani ta buɗe kawai.

To, idan manhajar taka dole ta gudana a dukkansu, hanyoyi biyu ne nake ganin sun cancanci a auna da gaske.

Ta farko, a yi amfani da fayil na gaske da ke kan faifai, kowane furoses ya shigo da shi cikin adireshinsa, da mmap da MAP_SHARED a dangin Unix, da CreateFileMapping a kan fayil ɗin a Windows. Wannan hanya ce da tsawon rayuwarta bai canzawa daga wata babbar manhaja zuwa wata: fayil yana nan har a goge shi. Sunansa hanyar fayil ce, izininsa na fayil ne, kuma kusan kowane harshen rubuta manhaja ya iya ta. Java tana da FileChannel.map, kodayake MappedByteBuffer guda ba ya wuce GB 2. A .NET, yanki mai suna na MemoryMappedFile a Windows kaɗai yake aiki, amma wanda aka gina a kan fayil yana aiki a ko'ina. SQLite, tun da ta kawo tsarin WAL a 2010, haka take raba fihirisarta tsakanin furoses, ta wani fayil da sunansa ke ƙarewa da -shm. Illar hanyar ita ce kanel yana rubuta shafukan da suka canza zuwa faifai lokaci zuwa lokaci. Ga bayanai masu canzawa a hankali wannan ba komai ba ne, amma ga bidiyon da muka fara da shi wahalar da faifai ce a banza. A Linux ana kauce wa haka ta ajiye fayil ɗin a /dev/shm, a Windows ana sa masa FILE_ATTRIBUTE_TEMPORARY don a rage rubutun. Illa ta biyu, fayil yana tsallake har ɗaukewar wuta. Na'ura ta mutu ta dawo, fayil yana nan da alamar cewa wani yana tsakiyar rubutu, alhali wanin ba ya nan. Dole manhajar ta iya gane haka a lokacin tashi. Kuma kada a sa irin wannan fayil a faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa, NFS ko SMB, domin kwamfuta biyu ba za su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Ta biyu, yanki marar suna wanda ake miƙa mariƙinsa hannu da hannu. A Linux akwai memfd_create tun kanel 3.17 na 2014, ana tura mariƙin ta soket na Unix da SCM_RIGHTS. FreeBSD tana da SHM_ANON. A macOS ana iya kiran shm_open a bi shi da shm_unlink nan take, sunan ya ɓace mariƙin ya rage, ko a bi ta tashoshin Mach. A Windows ana ƙirƙirar yankin ba tare da suna ba a miƙa shi da DuplicateHandle. Android wannan salon ta fi dogara da shi: ta fara da ashmem, ta kawo ASharedMemory_create a Android 8.0 a 2017, mariƙin kuma yana bi ta Binder, wanda shi kansa ba ya ɗaukar saƙon da ya haura kusan MB 1. Kyawun wannan hanya shi ne a ko'ina tana da halin Windows, na ƙarshe ya saki, yanki ya tafi. Babu sunan da wata manhaja za ta riga ka kamawa ko ta yi hasashensa ta leƙa bayananka. A Linux har ana iya buga wa yankin hatimi da F_SEAL_SHRINK, ta yadda wanda ka ba shi ba zai iya rage girmansa ya jawo maka SIGBUS ba. Haka Wayland, tsarin nuna tagogi a Linux, take karɓar hotunan tagogi daga manhajoji, Chromium ma mariƙi yake miƙawa tsakanin furoses ɗinsa. Kuɗin da za ka biya shi ne sai ka rubuta kod na miƙawa dabam ga kowace babbar manhaja, kuma sai akwai soket ko bututu tsakanin furoses ɗin tun farko. Ni ban ɗauki wannan na biyun a matsayin asara ba, domin soket ɗin zai yi maka wani aikin da za mu zo kansa yanzu.

Samun yankin shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen hana furoses biyu taka ƙafar juna, kuma a nan ne babbar manhaja kowace ta kama gabanta. A Linux ana iya ajiye pthread_mutex, wato kwaɗon da ke hana furoses biyu taɓa bayanai lokaci ɗaya, a cikin yankin, a sa masa PTHREAD_PROCESS_SHARED, a kuma mai da shi irin wanda in mai riƙe da shi ya mutu na gaba zai sami EOWNERDEAD ya san akwai gyara. macOS ba ta da wannan irin kwaɗo, sem_init ma ba ya aiki a can sai sem_open mai suna. A Windows, CRITICAL_SECTION da WaitOnAddress na cikin furoses ɗaya ne, abin da ke ratsa furoses shi ne kwaɗo mai suna na CreateMutex, wanda ba a cikin yankin yake zaune ba, kuma yana dawo da WAIT_ABANDONED idan mai shi ya mutu. Wanda ya gina kwaɗonsa da hannu a cikin yankin, wata lamba da ake mayarwa 1 in an kama a mayar 0 in an saki, ya sani ranar da mai riƙe da shi ya faɗi kowa zai tsaya jira har abada.

Shawarata a nan ita ce a tsara aikin yadda ba ya buƙatar kwaɗo a cikin yankin. Marubuci ɗaya, makaranci ɗaya, yankin a raba shi gida-gida a zagaye, marubuci yana da lambarsa da shi kaɗai ke canzawa, makaranci ma haka, lambobin kuma su zama irin std::atomic da ba sa dogara da kwaɗo. Sanarwar cewa gida na kaza ya cika ta bi ta soket. Saƙon ɗan ƙarami ne, kwafinsa ba ya cin komai, kuma idan ɗayan ya mutu kanel zai rufe soket ɗin ka sani nan take, a kowace babbar manhaja. Masu amfani da fayil na gaske suna da makamancin wannan a flock da LockFileEx, waɗanda kanel ke saki da kansa idan furoses ya mutu. A kula kuma da jerin rubutu: x86 yana yafe kurakurai da yawa da ARM ba ya yafewa, don haka kod ɗin da bai faɗi memory_order daidai ba yana iya shekara lafiya a Intel ya lalace a waya ko a sabuwar Mac.

Abin da ake zubawa a cikin yankin ma yana da ƙa'ida. Kada a ajiye manuni, wato lambar da ke nuna adireshin wani abu a memori, domin yankin yana iya sauka a adireshi dabam a kowane furoses. A ajiye tazara daga farkon yankin. Wannan ya fitar da std::string da std::vector na yau da kullum. A yi amfani da uint32_t da uint64_t maimakon long, wanda bayit 4 ne a Windows mai bit 64 amma 8 a Linux da macOS. A farkon yankin a sa lambar shaida da lambar siga da girma, don tsohuwar manhaja ta ƙi taɓa tsarin da ba ta sani ba.

Laburaren da ke alkawarin ɓoye duk wannan suna da amfani, amma kowanne ya zaɓi ɓangare, kuma ya kamata ka san wanne. Boost.Interprocess ya zaɓi halin POSIX: shared_memory_object a Windows fayil yake ƙirƙira a ɓoye don yankin ya daɗe, in kana son na asalin Windows sai windows_shared_memory. Yana da offset_ptr da kwantenoni masu iya zama a cikin yanki, abin da ke rage aiki sosai ga mai C++. QSharedMemory na Qt ya yi ƙoƙarin kwaikwayon Windows, amma a Unix in manhaja ta faɗi yankin yana nan. Python ta kawo multiprocessing.shared_memory a sigar 3.8 a 2019. A Linux da macOS tana da mai sa ido da ke share yankin idan furoses ya fita, har da furoses ɗin da buɗewa kawai ya yi ba shi ya ƙirƙira ba, lamarin da ya dami mutane har aka ƙara zaɓin track a 3.13.

Akwai wanda tambayarsa ta wuce nan: Windows da Linux a na'ura ɗaya, ɗaya a cikin na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a cikin wata. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da zai yi, domin kanel biyu ne, kowanne da jadawalinsa. WSL 2, tsarin gudanar da Linux a cikin Windows, shi ma kanel ɗin Linux ne a cikin na'urar kwaikwayo, /dev/shm ɗinsa ba ya ganin yankunan Windows. QEMU yana da ivshmem, wanda ke nuna wa baƙo, wato babbar manhajar da ke cikin na'urar kwaikwayon, yankin a matsayin na'urar PCI, kuma da shi Looking Glass yake kai hoton allon Windows zuwa Linux, amma yana buƙatar direba a cikin baƙon. In bayananka ba su kai nauyin bidiyo ba, soket ya wadatar.

Ga yadda zan yanke. In saƙonninka ƙanana ne, 'yan KB a kai a kai, bar raba memori gaba ɗaya, soket na Unix ko bututu mai suna ya isa, Windows 10 ma ta karɓi AF_UNIX daga sigar 1803. In furoses ɗaya ne ke tayar da sauran, ko akwai wanda ba ka amince da shi ba, ko Android tana cikin lissafi, ɗauki yanki marar suna da soket a gefensa. In manhajoji ne masu zaman kansu, cikin harsuna dabam dabam, kowace tana tashi lokacin da ta ga dama, kuma kana so bayanan su jira wanda bai zo ba tukuna, fayil na gaske ya fi. shm_open mai suna ya dace da aikin da ba zai bar Linux ba, muddin akwai furoses guda da aka ɗora wa alhakin sharewa a lokacin tashi, ba a lokacin fita kaɗai ba. Duk wadda ka ɗauka, kafin ka sake ta ga jama'a ka kashe marubucin yana tsakiyar rubutu, da kill -9 a Linux da macOS, da Task Manager a Windows, sannan ka sake tayar da shi ka ga ko makarancin ya farfaɗo, ko kuma an bar wani yanki a baya yana cin RAM.